Zaren da Goggo Haulatu Ta Ƙi Yankewa

Duk wanda ya ce muku Goggo Haulatu mace ce mai haƙuri, to bai san ta ba. Ni na san ta. Ƙanwar ubana ce, ita ta riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba, a gidanta na Zongon Lome, kuma ni Kulsum ban taɓa ganin ta ƙare tuwo a inda ta fara cin sa ba. Za ta zauna bakin ɗaki ta kai loma biyu, sai ta ɗauki akushi ta koma gindin kwakwa, kafin ki ce kwabo tana zaure tana tambayar mai wucewa daga ina ya fito. Kifi 'yan unguwa suke ce mata a bayan ido, don duk wanda ya ce ta zauna ta huta amsa ɗaya yake samu: "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

Ba laifinta ba ne, a hanya aka haife ta. Ayarin goro ne ya yada zango tsakanin Salaga da Kete, uwarta ta sauke kaya ta haihu, ayari ya tashi da jaririya a baya. Ta shigo Lome zamanin Jamus tana budurwa. Aure uku ta yi, kuma babu mijin da ya kore ta, ita ce takan matsa sai an sauwaƙe mata. Na ƙarshen, wani malami mai sanyin hali, da aka tambaye shi me ya raba su, cewa ya yi ai ba su taɓa haɗuwa ba balle su rabu. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa ubana ya ba ta ni.

Da Faransa suka karɓi gari, sai jirgin ƙasa ya zama gidanta. Ta ɗauki busasshen kifi daga Anaho ta kai Palime, ta sauko da goro, ta juya Atapame ta kwaso doya. A kan bencin jirgi na yi wayo. Har na yi aure ba ta daina ba. Kuma tana da wata muguwar ɗabi'a, ba ta jiran jirgi ya gama tsayawa, dirowa take yi da kwando a ka wai kada a riga ta shiga kasuwa. Na yi faɗan har na gaji. Shekarar da layin dogo ya kai Bilita kuwa, wata rana ana yayyafi, ta diro kamar yadda ta saba, santsi ya kwashe ta, gwiwa ta murɗe. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafa ta ƙi lanƙwasa. Da sanda ma iyakarta zaure.

Wayyo, mun ga ta kanmu! Tun daga gidan mijina, Sabitu mahauci, nake jin labarinta. Yau ta share tsakar gida a zaune, tana jan gindi, ta gama ta sake sharewa. Gobe ta yi faɗa da kaji. Jibi ta warware tabarma mai kyau wai saƙar ba ta yi mata ba. In jirgi ya yi kuka daga tasha sai ta miƙe zumbur, ƙafa ta tuna mata, ta koma ta zauna tana zagin ƙafar kamar wata baiwarta. Masu zuwa gaishe ta suka ɗauke ƙafa, don in kin shiga ba za ta bar ki ki fita ba, kuma ba za ta bar ki ki zauna lafiya ba. Ni kaina na fara tsoron kada ta zauce.

Jigidarta ce ta cece mu. Tsohuwar jigida ce ta gado, ta uwarta. Wata rana ta yunƙura da ƙarfi za ta jefi zakara, zare ya tsinke, duwatsu suka watse cikin yashi. Ta bi su ɗaya ɗaya tana tsinta tana masifa, ta zare zare daga gefen tsohon zane ta fara zurawa. Na shigo da la'asar na kawo mata nama, na yi sallama ba a amsa ba. Gabana ya faɗi. Na leƙa, sai ga Goggo a zaune, harshe a waje, ta ƙura wa ramin dutse ido.

Na ce, "Goggo, lafiya?"

Ta ce, "Ke, matsa, kin tare mini haske."

Tun hantsi take wurin, jirgi ya yi kukansa ya gama ba ta ji ba.

Washegari ta aika kasuwar Asigame a kira mata wata 'yar ƙabilar Mina mai sayar da duwatsun ado, wadda ake ce wa Da Ablavi, ƙawarta ta cikin jirgi. Da Ablavi ta zo da ƙunshi a ka, ta duba aikin Goggo, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da yaren Mina suke hira, wanda duk ɗan Zongo yana ji. Ta nuna mata cewa zaren zane ba ya riƙe dutse, sai an murza zaren auduga riɓi biyu an goge shi da kakin zuma. Ta nuna mata yadda ake zuba duwatsu a faifai a ware manya da ƙanana, yadda ake lanƙwasa siririyar waya ta zama allura, da yadda ake ƙulli a yanke wutsiyar zaren gab da ƙullin. Ta bar mata jonu, haka suke kiran duwatsun, ja da fari da shuɗi, da wasu masu ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa.

Kada ku ɗauka nan take ta iya. Ina! Gaggawa ba ta bar ta ba. Abin wuyan farko da ta yi, ta ba matar liman kyauta. Baiwar Allah ta saka ta tafi gidan suna, ta sunkuya kan tukunyar miya, ƙulli ya kwance, duwatsu suka zube ciki. Ranar nan mutanen Zongo da lalube suka sha miyar kuka, wani tsoho ya tafi gida da rabin haƙori. Goggo da ta ji, cewa ta yi matar liman ce wuyanta ya cika motsi. Ta koma ta yi ta koyon ƙulli a zaren banza har yatsunta suka yi kanta.

Ba ta taɓa sayarwa ba. Mata suka yi ta roƙo ta yi musu su biya, ta ce a'a, ta yi ciniki ya ishe ta, wannan na ranta ne. Kuma abin haushi, in ta gama abu mai kyau, ta ɗaga shi a rana ta duba, sai ki ga ta tsinke shi ta mayar faifai. In kin yi magana ta ce, "To in na bar shi a game, gobe me zan yi?" Duk tafiyar da ƙafa ta hana ta sai ta koma yatsu.

Ana haka na samu ciki na uku. Ku fahimce ni, biyu na binne, namiji da mace, babu wanda ya kai yaye. Kowanne haka ya tafi: zawo, rama, shiru. Da ta biyun ta rasu na daina ci, na daina magana, har wata rana masunta suka tsinto ni a bakin teku ruwa ya kai mini ƙugu, ban san yadda na je ba. Goggo ce ta yi jinyata a lokacin. Don haka da cikin nan ya tsufa, Sabitu da kansa ya kawo ni gidanta, ya ce in zauna har sai hankali ya kwanta.

Na haifi mace, aka sa mata Hajara. Bayan suna Da Ablavi ta zo barka. Ta ɗauki yarinya ta juya ta, ta ce ina jonunta? A wurinsu, in ji ta, ana ɗaura wa jariri siririn zaren duwatsu a ƙugu. In yana ƙiba sai zaren ya matse, a kwance a ƙara ƙwaya. In yana ramewa sai ya yi sako-sako, uwa ta gane da wuri ta nemi magani. Ta ce akwai asibitin Turawa inda ake ɗora jarirai a sikeli, amma su sikelinsu ke nan tun kaka da kakanni. Ni matar mahauci ce, na san abin da ake ɗorawa a sikeli, na ce 'yata ba nama ba ce, a yi mata na duwatsun.

Goggo ta karɓi aikin kamar an naɗa ta sarauta. Ta zaɓi ƙananan shuɗi masu santsi waɗanda ba za su ƙuje fata ba, ta murza zare, ta goge da kaki, ta auna ta sake aunawa. Ta ɗaura wa Hajara, ya zauna daidai, ɗan yatsa ɗaya ke shiga tsakaninsa da ciki. Daga ranar nan zaren nan ya zama hankalina. In na farka shi nake fara taɓawa. In na ba da nono in taɓa. In yarinya ta yi atishawa in taɓa. Aka yi arba'in, Goggo ta ƙara ƙwaya, na yi murna har na yi rawa a tsakar gida.

Sai zawo ya zo. Ba mai yawa ba, kaɗan-kaɗan, irin dai na waɗancan. Nonona kuma ya fara ja baya. Yarinya ta kama ta tsotsa ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, in shiga ɗaki in fito, in fito in shiga, har Goggo, ita da kanta, ta ce, "Ke 'yar nan, kina sa ni jiri, zauna mana!" Sai ta jawo hannuna ta ɗora a ƙugun Hajara.

"Taɓa ki ji. Ya yi sako-sako?"

"A'a, Goggo."

"To me kike so? Tsoro ne ke ƙafar da nono. Sha kununki."

Na sha kunun kanwa har na ƙi jinin warinsa. Ta aika wa malamai aka kawo rubutu, aka dafa saiwoyi, aka yi turare. Kullum da safe ina bayan ɗaki ina wankan ruwan zafi da ganye, ita tana yi wa Hajara wanka a ƙwarya, in na fito ta miƙo mini ita a shafe da man kaɗanya. In zura yatsa, in ji zare daidai. Wallahi idona yana ganin wuyan yarinya yana tsawo, yana ganin fatar cinya tana tattarewa. Amma in ido ya faɗa mini haka sai in koma wa zare, zare ya ce mini ƙarya ne, ni kuma maganar zare nake so.

Abin da ban lura ba, Goggo ta daina shirya duwatsunta. Faifai na jingine, ƙura ta hau. Ta koma share-share da faɗa da kaji, ga kuma wata sabuwar ɗabi'a, kullum hannunta na kan ƙullin haɓar zaninta tana murzawa. Na ɗauka goro ne.

Ranar da asiri ya tonu, itace ne ya jiƙe, ruwan wankana bai yi zafi ba, na ce bari yau in yi wa 'yata wanka da kaina. Goggo ta ce in bari, na ƙi. Na sa ta a ƙwarya, ina cuɗa bayanta, sai na ji wani abu ya maƙale mini a yatsa. Na ja. Wutsiyar zare ce, an cusa ta cikin ramukan duwatsu an ɓoye, ruwa ya fito da ita. Na yi ta ja tana fitowa, ta kai tsawon ɗan yatsana. Na tsaya ina kallon ta. Da Ablavi a gabana ta koya mata yanke wutsiya gab da ƙulli, to wannan ragowar daga ina?

Na ɗaga kai, Goggo ta kau da nata.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Zare ne."

"Na san zare ne! Ina duwatsun da ke kansa?"

Ta kwance haɓar zani, ta buɗe tafin hannu. Ga su nan, shuɗi, sun cika tsakiyar hannunta. Ashe kullum zare ya yi sako-sako sai ta kwance ta cire ƙwaya ta sake ƙullewa, ina can ina wanka.

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba, amma ranar nan ko ni na ji tsoron bakina. Na ce ta yaudare ni. Na ce ta mai da ran 'yata abin wasan hannu. Na ce da ta taɓa haihuwa da ba ta yi haka ba. Wannan ta ƙarshen ta shige ta, amma ba ta rama ba, ita da ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da goma ba.

Ta ce, "Na ga ranar da masunta suka kawo ki, Kulsum. Na ce in kin ga ya yi sako-sako za ki daina ci, ɗan nonon da ya rage ya ƙafe, in rasa ku duka biyu. Na ce bari in riƙe miki hankali kwana biyu, ko nono zai dawo."

"Ya dawo?"

"Bai dawo ba."

"To me ya hana ki yanke wutsiyar, ki gama yaudarar da kyau?"

Ta dubi duwatsun hannunta. "In na yanke, a ina zan mayar da su?"

Na ce ta mayar yanzu, duka, ina gani. Ta kwance ƙulli, ta zura su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a inda ƙullin gaskiya yake. Na ɗaga Hajara tsaye a kan cinyata. Zare ya zame daga ƙugu, ya bi cinya, ya bi gwiwa, ya faɗi kan tabarma. Na fasa ihu. Ban san 'yata ta ƙare haka ba, ko in ce na sani na ƙi sani.

Goggo ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce, "Aisa."

Aisa Bazabarma ce, gida biyu tsakaninmu, tana goyon ɗanta Seydou, nono har jiƙa mata riga yake yi. Amma ba ma magana. Ina da ciki mun yi faɗa a layin famfo, ta ture mini bokiti, magana ta yi tsawo, ta ce mini mai wabi a gaban mata, wai ina haifa wa ƙasa. Na juye mata ruwan a ka, na rantse ko gawata kada ta zo gani.

Na ce, "Aisa? Allah ya kiyaye!"

"Tun ƙwayar farko da na cire nake tunaninta. Na san halinki, shi ya sa na yi shiru. Shirun nan ne kuskurena, ba zan ƙara ba."

"Ba zan je ba, Goggo. Matar da ta ce..."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma zauna, uwar girman kai, zauna da rantsuwarki."

Ta fizge yarinya daga hannuna, ta saɓa a kafaɗa, ta dogara sanda ta miƙe. Matar da tun faɗuwarta ba ta wuce zaure ba, sai ga ta a waje cikin yashi, tana jan ƙafa, sanda na nutsewa, tana tangaɗi da jaririya. Mata suka fito ƙofa suna kallo. Na ga in ta faɗi su biyu za su faɗi. Na bi ta da gudu ba ko mayafi, na karɓe 'yata, na wuce gabanta na shiga gidan Aisa da ƙafata.

Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa, na buɗe zanin goyo kawai. Ta dubi Hajara. Ta ajiye rariya, ta goge hannu a zani, ta karɓe ta ta sa a nono. Yarinya ta kama da wani irin ƙarfi da ban san tana da shi ba, ana jin haɗiyarta daga inda nake.

Can Aisa ta ce, "Kin dai san in ta sha ta ƙoshi ta zama 'yata, ta zama ƙanwar Seydou har abada."

Na ce, "Ta zama ta kowa, ta rayu dai."

Ta ce, "Maganar famfo, bakina ne ya fi ni. Ki yafe." Na ce na yafe, kuma ban sani ba ko gaskiya na faɗa a lokacin. Goggo sai yanzu ta iso, ta zube a bakin ƙofa tana haki, ta ce wa zai ba ta ruwa, ko sai ta mutu tukuna?

Daga nan sai jira, kuma jira ba halinmu ba ne, ni da ita. Safe da rana da yamma ina hanyar gidan Aisa. Zare kuwa Goggo ta ce ba mai sake taɓa ƙullinsa, ta rataye shi a ƙusa, kullum bayan wanka ni da hannuna nake zura wa Hajara shi. Ya zame ya faɗi. Gobe ya faɗi. Jibi ya faɗi. Zawo ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Goggo ta sauko da faifai, ta shirya abin wuya ta tsinke, ta shirya ta tsinke, ba ta ko kallon launi. In na yi tsaki ta yi tsaki. Sabitu ya zo da hanta da ƙashin miya, ya ga fuskokinmu, ya ajiye ya fita da baya.

Wata safiya na zura, na ɗaga yarinya, zare ya zame ya tsaya a kwankwaso, bai faɗi ba. Na dubi hannun Goggo. Ta ɗaga su sama duka biyu, ta ce, "Wallahi ban taɓa ba, duba ƙullin!" Na duba, yana inda yake, babu wutsiya. Ranar ce na ci abinci har na nemi ƙari. Sannu a hankali nawa nonon ma ya ɗan dawo, Hajara ta riƙa shan nono biyu kamar 'yar sarki. Aka bar mata zaren a jiki. Yatsa biyu na shiga, ya koma ɗaya, ya koma sai da dabara, har ya fara yi mata shaida a fata. Na ce a ƙara ƙwaya, Goggo ta ce a bar shi sai gobe, tana son ta ƙara kallon sa a matse.

Bai kai goben ba. Hajara na zaune a tabarma ta miƙa hannu za ta kamo kaza, ta yi nishi, sai ji muka yi tas! Zare ya tsinke, duwatsu suka watse tsakar gida, kaji suka yi ca a kai. Goggo ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi wa amarya, har Aisa ta shigo da gudu tana tambaya wa ya haihu. Ta same mu, ni da tsohuwa, muna rarrafe cikin yashi muna kokawa da kaji, muna dariya hawaye na zuba.

Da waɗannan shuɗin ta yi wa kanta abin hannu, kuma shi kaɗai ne a duk aikinta ba ta taɓa tsinkewa ba. Ta rayu har Hajara ta fara zuwa makarantar allo. Ta iya aiki sosai daga baya, babu amaryar Zongo da ba ta da wani abu nata, ko da yake sai an ɓoye mata shi da wuri kafin ta canza ra'ayi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da jiragen ruwa suka rage zuwa, duwatsu suka yi wuya a Asigame da shagunan Adawlato, ita ko a jikinta, dama tsinkewa take ta sake.

A cikin yaƙin ne ciwo ya kama ta, irin mai cin mutum a hankali. Na dawo gidan ina jinya. Ta daina faɗa da kaji, ta daina tambayar labarin jirgi, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. Abin hannun nan ya fara zamewa, in ta ɗaga hannu ya gangaro har gwiwar hannu, in ta sauke ya nemi fita. Na ga tana kallon sa. Ta fara ture kwanon kunu.

Wata rana bayan azahar barci ya ɗauke ta. Na zauna na kwance ƙullin a hankali, na cire ƙwaya, na ƙulle, na cusa wutsiyar cikin duwatsu, na ɗaure ƙwayar a haɓar zanina. Ta farka, na kawo kunu, na ce, "Goggo, kin ga yau kin fi jiya, ko abin hannunki ya zauna."

Ta shafa shi da babban yatsa, ta zagaya har ta kai ƙulli. Ta tsaya. Ta sa farce ta zaro wutsiyar.

"Kulsum."

"Na'am, Goggo."

"Ƙullinki bai yi ba. Da matar liman kika yi wa, da yanzu yana cikin miya."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta miƙo hannu, na kwance haɓar zani na ba ta ƙwayar. Ta juya ta a tafinta.

"Kawo wuƙa ki yanke wutsiyar nan."

"Ba zan yanke ba. Za a mayar."

"Zaren Hajara aka bar wa wutsiya, 'yar nan, ita ce ke da gaba. Yanke."

"Wallahi ba zan yanke ba, Goggo."

Ta harare ni, irin hararar da, ta ce dama tun ina ƙarama ba na jin magana. Ta kai hannu baki, ta sa haƙori ta datse zaren gab da ƙulli, ta tofar. Sannan ta ƙwala wa Hajara kira, ta danƙa mata ƙwayar a hannu ta ce kada ta bari kaji su gani. Ta karɓi kwanon kunu ta sha rabi, don kawai in daina kuka.